Yadda ake cire manganis daga ruwan sha da ruwan dattin masana'antu

Ruwa ne zai fito daga bohol garau ba wani launi, ka tara a tanki, bayan kwana biyu ka leƙa sai ka tarar da wani baƙin gari-gari ya kwanta a ƙasa. Fararen kaya suna fitowa daga wanki da ɗigo-ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, kana ƙara musu bilic abin yana ƙara muni, kwanon banɗaki da tayil duk sun yi baƙin zane inda ruwa ke bi, wani lokacin ma a baki ka ji ɗan ɗaci-ɗaci na ƙarfe. Toh idan tabon ja ne irin na tsatsa wannan sinadarin ƙarfe ne, idan kuma baƙi ne to manganis ake zargi, wani sinadari dangin ƙarfe da ke cikin ƙasa da duwatsu, kuma yawanci tare suke zuwa.

Jiki yana buƙatar manganis ɗan kaɗan kuma daga abinci yake samu, matsalar ita ce in ya yi yawa a ruwan sha yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman jariran da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2021 ta kawo ma'auni na wucin gadi na miligiram 0.08 a kowace lita, alhali a da 0.4 ake ambato. Kanada tun 2019 ta tsaya a 0.12 don lafiya, 0.02 kuma don gudun tabo da launi. Amurka da Tarayyar Turai suna amfani da 0.05, shi kuma saboda tabo da ɗanɗano ne. Ka ga ke nan adadin da muke magana a kai ƙanana ne sosai, ido ba zai gaya maka ruwanka ya wuce 0.08 ko bai wuce ba.

Abu ɗaya nake so kowa ya riƙe kafin mu shiga matakai. A ƙarƙashin ƙasa inda babu iskar oksijin manganis a narke yake cikin ruwa, kuma abin da ya narke ba a tace shi, kamar dai ka narka gishiri a ruwa ka ce za ka tare shi da rariya. Dole sai an fara juya shi ya zama ƙwayoyi masu tauri (baƙin garin nan da kake gani a tanki shi ne bayan ya juye) sannan matata ta kama shi. Yawancin waɗanda suka kashe kuɗi suka sayi matata ba ta yi musu aiki ba, nan suka tsallake.

Mataki na farko: a gwada ruwan

Don Allah kar ka sayi komai kafin wannan. Ka bar famfo ya zuba na wasu mintoci har ruwan da ya kwana a bututu ya fita, sannan ka ɗiba daga wurin da ya fi kusa da bakin bohol, kafin tanki, don in ka ɗiba bayan tanki wani kaso ya riga ya kwanta kuma sakamakon zai nuna maka ƙasa da abin da ke akwai. Ka nemi kwalba daga lab ɗin da za su yi gwajin, galibi suna ɗan ɗiga asid a ciki don kar manganis ɗin ya manne a jikin kwalba kafin a kai.

Ba manganis kaɗai za ka ce a auna ba. Ka ce a haɗa da ƙarfe, da pH (ma'aunin tsamin ruwa, ƙasa da 7 tsami ne), da amoniya, da taurin ruwa (yawan kalsiyam da magnesiyam da ke narke a ciki), sannan in ruwan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai ka faɗa musu don wannan alamar salfa ce. Ƙarfe da amoniya da salfa suna shan maganin da za ka zuba tun kafin ya kai ga manganis. In da hali a yi samfur biyu, ɗaya a tace shi nan take da takardar tacewa mai maikiron 0.45, ɗaya a bar shi yadda yake. In sakamakon biyun kusan ɗaya ne to duk manganis ɗinka narkakke ne, in kuma wanda aka tace ya yi ƙasa sosai to ya riga ya zama gari, aikinka ya yi sauƙi, tacewa kawai ta rage.

Masu ɗiban ruwa daga dam su kuma sai su riƙa maimaita gwajin, saboda lokacin zafi ruwan ƙasan dam yakan rasa oksijin manganis ya narke daga laka ya shigo, ranar da ruwan ya juya sama da ƙasa sai ka ga adadin ya yi tsalle ba zato.

Mataki na biyu: a fitar da ƙarfe tukuna, a duba pH

Ƙarfe ba shi da taurin kai. Ka sa ruwa ya sha iska, ko ta hanyar watsa shi daga kan shawa ya faɗo cikin tanki, ko ya gangaro ta tire-tire masu huji, ko a hura masa iska da kwamfaresa, in dai pH ya kai 7 zuwa sama cikin mintoci za ka ga ya yi ja ya fara kwanciya. Shan iskar nan yana kuma korar warin salfa da iskar kabon da ke sa ruwa tsami, pH ya ɗan hau da kansa.

Shi manganis fa iska kaɗai ba ta isar masa. A pH na ruwan yau da kullum, 6.5 zuwa 7.5, sai ya yi kwanaki da makonni bai gama juyewa ba, sai pH ya haura wajen 9.5 ne iska take cin sa da sauri, ba wanda kuma zai so ya kai ruwan gidansa can. Don haka duk wanda ya ce maka ka bar ruwa a buɗaɗɗen tanki ya kwana shikenan, ƙarfe ya cire maka, manganis na nan.

Me ya sa sai ƙarfe ya fita tukuna? Domin muddin akwai narkakken ƙarfe a ruwa shi ne zai fara cinye maganin, har ma yana iya mayar da manganis ɗin da ya riga ya zama gari ya sake narkewa. In pH ɗinka ƙasa da 6.5 yake sai ka ɗaga shi, ko da soda ash ta famfon allura, ko ka bi da ruwan ta tankin dutsen farar ƙasa, a kai shi 7 zuwa 8.

Mataki na uku: maganin da zai juya shi

Nan ne aikin yake, bari in ɗan daɗe a kai.

Fotashiyam famanganet, garin nan mai launin shunayya, shi ne ya fi sauri a kan manganis, cikin 'yan mintoci ya gama in pH ya kai 7. Lissafinsa a takarda, kowane miligiram 1 na manganis yana cin miligiram 1.92, kowane miligiram 1 na ƙarfe kuma 0.94. Misali gwajinka ya nuna manganis 1 da ƙarfe 2 a lita, ka ga 1.92 a tara da 1.88 ya zama 3.8 a kowace lita, tanki mai lita 5,000 zai ci giram 19 ke nan. Da ka fara cire ƙarfen da iska da giram 10 ma ba zai cika ba. Amma wannan lissafin wurin farawa ne kawai, wani ruwan yana cin ƙasa da haka saboda garin da ya fara samuwa yana janyo sauran manganis ya manne masa, wani kuma yana cin fiye saboda ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin halitta da ke ciki.

Abin da zai raba gardama shi ne gwajin kwalba. Ka auna giram 1 na famanganet ka narka a lita 1 ta ruwa mai tsafta, yanzu kowane mililita ɗaya na wannan haɗin yana ɗauke da miligiram ɗaya. Ka jera kwalabe biyar ko shida kowacce da lita ɗaya ta ruwan da aka ɗebo yanzu-yanzu, ka ɗauki sirinji ka zuba wa ta farko mililita 1, ta biyu 2, ta uku 3, haka har ƙarshe, ka motsa kowacce sosai na minti ɗaya sannan a hankali. Da farko duk za su yi hoda-hoda, sai ka ga launin yana komawa ruwan ƙasa, ƙananan ƙwayoyi suna haɗuwa suna yawo. Bayan minti 20 zuwa 30 ka sa farar takarda a bayan kwalaben ka duba. Kwalbar farko a jerin da har yanzu take da launin hoda maganinta ya yi yawa, wadda ta zo kafinta kai tsaye ita ce ma'auninka. Ka tace ruwan wannan kwalbar ka auna manganis ɗin da ya rage don ka tabbatar.

Kar ka manta shi kansa famanganet manganis ne a cikinsa. In ka zuba fiye da kima ruwan famfo zai fito hoda, kuma ka ƙara abin da kake son cirewa ne da hannunka. Wajen taɓa shi a sa safar hannu da tabarau, yana ƙona ido yana ɓata fata da tufafi, kuma a ajiye shi nesa da mai, da gilisarin, da asid, don haɗuwarsu na iya tada wuta.

Kulorin ya fi sauƙin samu kuma yana kashe ƙwayoyin cuta a lokaci guda, lissafinsa kusan miligiram 1.3 ga kowane miligiram na manganis. Sai dai shi kaɗai a cikin tanki malalaci ne a kan manganis, in pH bai kai 8 zuwa 8.5 ba sai ya ɗauki sa'o'i, abin da ke faruwa kuma shi ne ruwan ya wuce matata da manganis a narke, sai can cikin bututun gida ya juye ya yi baƙi, wato ka biya kuɗi ka kai tabon inda ba ka so. Ga kuma amoniya, kowane miligiram ɗinta yana shanye kulorin kusan miligiram 8, abin da suke haifarwa kuma ba ya taɓuka wa manganis komai. In ruwan na da dattin halitta da yawa kulorin yana haɗuwa da shi ya samar da wasu sinadarai da su ma ba a so a ruwan sha. Inda kulorin yake haskawa shi ne in an haɗa shi da matatar da zan yi bayani a ƙasa.

Ozon da kulorin dayokzaid su ma suna aiki da sauri, amma na manyan matatun ruwa ne masu ma'aikata, ozon ma in ya yi yawa yana wuce gona da iri ya mayar da manganis famanganet ruwa ya koma hoda.

Mataki na huɗu: matata

In ka riga ka juya manganis ɗin gaba ɗaya da famanganet, matatar yashi ta yau da kullum za ta iya kama shi, in ƙwayoyin sun yi ƙanana sosai suna wucewa sai a taimaka da ɗan alam su dunƙule. Amma ni abin da na fi ba da shawara shi ne yashi mai rufin manganis oksaid, don shi jikinsa yana janyo narkakken manganis ya riƙe, sannan maganin da ke cikin ruwa ya juya shi a nan kan ƙwayar yashin, rufin ma ya ƙara kauri. Aikin da zai ɗauki sa'o'i a tanki sai ya ƙare cikin mintocin da ruwa ke ratsa matatar.

Iri-iri ne. Akwai girinsan, na asali ana farfaɗo da shi da famanganet, sabon samfurin GreensandPlus kuma kulorin ya ishe shi, sharaɗin kawai a riƙa samun ragowar kulorin kamar miligiram 0.5 zuwa 1 a lita a ruwan da ke fitowa daga matatar, in ya ƙare yashin zai ƙoshi ya daina kamawa. Akwai Birm wanda ba ya son magani, oksijin ɗin cikin ruwa yake amfani da shi, amma don manganis sai pH ya kai 8 zuwa 9, kuma kulorin mai yawa da warin salfa suna lalata shi, mutane da yawa suna sayensa don ya yi wa maƙwabci aiki a kan ƙarfe sai su ga bai yi musu komai ba. Sai kuma failolusait, wato dutsen manganis ɗin kansa da aka farfasa, yana da ƙarfi yana daɗewa amma nauyi gare shi.

Girman matata kuma ba da ka ake zaɓa ba. Zurfin yashi ya kai santimita 75 ko fiye, a bar fili a sama kamar rabin zurfin yashin don ya samu wurin tashi lokacin wanki. Gudun ruwa kuma tsakanin mita 5 zuwa 12 a awa. Bari in fassara maka shi da lita: tanki zagayayye mai faɗin santimita 30, a gudun mita 10 a awa, lita 700 zai ba ka a awa, kusan lita 12 a minti. In ka tura masa fiye da haka ruwan zai wuce bai gama hulɗa da yashin ba.

Wanki ta baya, wanda masu aikin ke kira bakwash, shi ne inda matatu da yawa suke mutuwa. Ana tura ruwa daga ƙasa zuwa sama ya ɗaga yashin ya kwashe garin da ya taru, kuma girinsan yana son kusan mita 30 a awa, wato wancan tankin mai santimita 30 yana buƙatar wajen lita 35 a minti, failolusait kuma kusan ninki biyu. Ka auna abin da famfonka ke iya bayarwa da bokiti da agogo tun kafin ka saya, in bai kai ba yashin zai dunƙule ya zama curi-curi, ruwa ya haƙa wa kansa hanya ta gefe yana wucewa ba tacewa. Ruwan wankin zai fara fitowa baƙi ƙirin, sai ruwan ƙasa, sai ya washe, yawanci minti 10 zuwa 15, sannan a ɗan zubar da ruwan farko na bayan wanki kafin a mayar da shi layin gida. Sau nawa za a yi? Ya danganta da yawan dattin, ka sa agogon auna matsi a shiga da fita, in bambancin ya fara hawa lokaci ya yi, kuma ko bai hau ba kar a bar shi ya wuce 'yan kwanaki.

In ɗanɗanon kulorin yana damunka sai ka sa matatar gawayi a ƙarshen layi, bayan girinsan ba kafinsa ba.

Waɗanda ba sa yi, da masu yi rabi-rabi

Tafasa ruwa ba ya cire manganis, ruwa ne ke tafiya a tururi shi ya ƙara kauri a tukunya, wannan yana da muhimmanci ga masu jarirai. Katirij ɗin zare da na gawayi ba sa kama narkakke. Folifosfet da wasu ke zubawa ɓoye shi kawai yake yi kar ya yi tabo, yana nan a ruwan za ka sha shi, a ruwan zafi ma riƙon yana saki. Na'urar tausasa ruwa mai amfani da gishiri tana cire shi in kaɗan ne kuma duk a narke yake, amma in iska ko kulorin suka taɓa ruwan kafin ya shiga, garin zai liƙe ƙwayoyin cikinta su daina aiki. Na'urar RO ta ƙarƙashin sinki, wadda ke matse ruwa ta wata siririyar fata mai tare har abin da ya narke, tana yi sosai don ruwan sha da girki, ita ce mafita mafi sauri ga gidan da ke da jariri kafin a gama babban gyara, sai dai in manganis ya yi yawa fatarta ba ta daɗewa.

Akwai kuma hanyar ƙwayoyin bakteriya irin su Leptothrix da ke juya manganis da kansu a cikin matatar yashi ba tare da magani ba. Tana son oksijin isasshe, pH wajen 7.5 zuwa sama, ba kulorin ko kaɗan kafin matatar har da ruwan wankinta, kuma sai ƙarfe da amoniya sun fita tukuna. Haƙuri take so, makonni ko watanni kafin ta kama aiki, amma in aka ɗebo ɗan yashi daga tsohuwar matata mai aiki aka zuba a sabuwa lokacin yana raguwa.

Ruwan datti na ma'adinai da masana'antu

Nan lissafin ya canza, don ruwan da ke fitowa daga ramukan kwal da wuraren haƙar ma'adinai da masana'antun ƙarfe da na batir yakan ɗauko manganis na gomman miligiram a lita ko fiye, ga tsami, ga ƙarfe da alminiyam. Zuba famanganet a irin wannan tun daga farko asarar kuɗi ce. A Amurka iyakar da aka sa wa ruwan da ma'adinan kwal ke saki shi ne miligiram 2 a lita a matsakaicin wata, 4 kuma a rana ɗaya.

Yadda ake yi, a fara tara ruwan a babban tafki don ƙarfinsa ya daidaita, sannan a zuba farar ƙasa ko kostik soda tare da hura iska a kai pH wajen 7 zuwa 8, ƙarfe da alminiyam su kwanta a kwashe su. Kar a tsallake wannan a tafi sama kai tsaye, alminiyam yana sake narkewa in pH ya haura 9. Zango na biyu sai a ƙara ɗaga pH zuwa 10 ko ɗan sama da haka ana ci gaba da hura iska, a zuba folima ƙwayoyin su dunƙule, a bar su su kwanta a tankin kwantarwa, a bi da ruwan ta yashi. Mayar da wani kaso na lakar zuwa farkon tankin yana taimakawa, don tsohon gari yana janyo sabon manganis kuma lakar tana ƙara kauri. A ƙarshe a sauko da pH da iskar kabon ko asid zuwa tsakanin 6 da 9 kafin a saki ruwan a rafi. In saura kaɗan ya rage bai kai iyaka ba, a nan ne famanganet ko girinsan suke da amfani.

Wuraren da aka daina haƙa kuma ba wuta ba ma'aikata, ana shimfiɗa kwari mai faɗi marar zurfi a cika shi da dutsen farar ƙasa, ruwa ya riƙa ratsawa a hankali yana shan iska, da lokaci duwatsun su yi baƙin rufi su riƙa kama manganis da taimakon bakteriya. Fili yake ci sosai kuma in ƙarfe ya shigo ya rufe duwatsun aikin ya tsaya.

Lakar da aka kwashe, ko ta masana'anta ko ta wankin matatar gida, kar a zuba ta kusa da bohol ko a ramin da ruwa ke kwanciya. In ta samu wurin da babu oksijin ko mai tsami manganis ɗin narkewa zai sake yi ya koma ƙasa. A shanya ta a kan gadon yashi ta bushe, ta masana'anta kuma a gwada ta a lab tukuna don takan ɗauko wasu ƙarafa irin su nikel da kobalt, sannan a kai ta wurin zubar da shara mai shimfiɗar kariya.

Bayan an gama haɗa komai a gida, ka wanke tanki ka buɗe famfuna su zuba da ƙarfi, don tsohon baƙin da ya manne a bututu zai ci gaba da ɓallowa na wani lokaci har ka zaci matatar ce ba ta aiki. Samfur na gwaji ka ɗauke shi a bakin fitar matata, ka sake ɗauka a famfon kicin, in na farko ya yi ƙasa da 0.05 na biyu ya yi sama to laifin bututu ne, sai a ci gaba da wanke layin ko a canza ɓangaren da ya fi toshewa.